Mai son allon zane na zamani ya karanta wannan kafin ya aika kuɗinsa Yamai

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina gaishe ku da aiki, da fatan kuna lahiya ku da iyali da duk ma'aikatan gidan jarida, ya zafi ya kuma hankuri da mu masu rubuto muku dogon zance.

Ni mai zanen alluna ne a nan Tawa, shekara 19 ke nan ina riƙe da burushi da gwangwanin fenti. Allon masu aski mai kawunan samari a jere, allon tela, gidan abinci da kaza kwance bisa faranti, rubutun bayan mota, duk na yi har na gaji. To tun ƴan shekarun nan aikin ya soma sauya kama, mutum zai zo ya ce maka shi ba allo yake so ba, logo yake so, ko afish ɗin aure da za a watsa a WhatsApp, ko katin suna, kuma yana so gobe da safe. Dole ta sa na shiga harkar zane a ordinatar (kwamfuta inji ƴan uwanmu na Najeriya) ina da furfura a gemu. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau shi ne, cikin wata biyu yara uku sun same ni a rumfata da tambaya iri ɗaya, wane tablet na zane za su saya da ɗan abin da suka tara, kuma ɗaya daga cikinsu har ya riga ya yi asarar da ni ma na yi. Na ce bari in faɗa a inda mutane da yawa za su ji, don bakina ya gaji da maimaitawa.

Bari in soma da wautar kaina. Karon farko da na nemi abin nan, hoto kawai na gani a waya, wani ɗan kasuwa a Yamai ya ce shina da shi, jikka 12 (sefa 12,000), na aika kuɗi ya sako mini koli a kar. Na je tasha da rawar jiki, na kwance leda, sai ga wani baƙin allo shafal mara nauyi da ɗan tsinke na roba da buton guda ɗaya a sama. Ka yi rubutu ya fito kore, ka danna buton ya goge. Shi ke nan aikinsa. Ba ramin USB, ba ya haɗuwa da komai, ba ya ajiye komai, abin yara ne na koyon a b c. Na kira mutumin ya ce ai ni na ce allon zane kuma wannan ana zane a kai, wallahi na rasa ta cewa don gaskiyarsa a wani ɓangaren. Yanzu ɗiyata ce ke lissafin lakwal da shi, aƙalla bai tahi a banza ba. Amma ku sani irinsa ya cika kasuwa kuma suna ɗaya ake kiransu da shi, wanda bai sani ba sai ya faɗa.

Ɗan yayata da ke karatu a jami'ar Abdou Moumouni ne ya zaunar da ni lokacin bakansi ya warware mini. Akwai wanda ba shi da ekran, faranti ne kawai baƙi da kake jonawa da ordinatar ko waya, hannunka na kansa idonka na kan ekran ɗin ordinatar. Akwai mai ekran wanda kake zane a kan gilashinsa kai tsaye kana ganin abin a ƙarƙashin alƙalami, amma shi ma bai da ƙwaƙwalwar kansa, sai an jona shi da ordinatar. Sannan akwai mai zaman kansa irin su iPad da Apple Pencil, ko Samsung Galaxy Tab S6 Lite da ke zuwa da alƙalaminsa S Pen a cikin kwali. Yaran duk na biyun suke so ko na ukun, saboda shi suke gani a bidiyon YouTube, Bature ko ɗan Japan zaune cikin sanyin kilim yana jan layi a kan gilashi. Ni kuma maganata guda ce, in kuɗinka ba su kai ba, ko sun kai da ƙyar, sayi na farkon mara ekran ka huta, sauran canjin ka riƙe don akwai inda za su tahi.

Dalilina ba na littafi ba ne. Wani abokin sana'ata ya sayi mai ekran okaziyo hannun wani ɗan cirani da ya dawo daga Abijan, ya yi murna ya samu banza, gilashi lahiya lau alƙalami lahiya lau, ashe wayar jonawar ba ta ciki. Irin waɗannan da yawansu waya ce ta musamman mai kai uku, ɗaya HDMI don hoto, ɗaya USB don alƙalami, ɗaya don kuran. Ya zaga kasuwar Tawa kaf bai samu ba, ya sa aka duba mishi a Yamai, aka kawo wata ba ta shiga ba. Wasu sababbin suna aiki da USB-C guda ɗaya, amma sai in ramin ordinatar ɗinka shina fitar da hoto, kuma tsofaffin ordinatar da muke saye na hannu yawanci ba su yi. Wata bakwai abin na cikin kwaba a nannaɗe da zane kamar kayan lefe. Ko da ya yi aiki ma, ku tuna inda muke. Mai ekran kuran yake sha, in wuta ta tahi ya koma jan batirin ordinatar sai ka ga batirin na zuba kamar tulu mai huda. Ga zafi, watan Afrilu da Mayu a Tawa kowa ya sani, ana wuce digiri 40 kamar wasa, ka ɗora hannu mai gumi bisa gilashin da shi ma ɗumi yake fitarwa, awa ɗaya ka ji ka ƙosa. Mara ekran kuwa ɗan abin da yake ja ta USB bai taka kara ya karya ba, ba gilashin da zai fashe in yaro ya ture shi daga tebur, ka saka shi jakka ka hau kabu-kabu ba fargaba.

Maganar kuɗi. Ƙananan marasa ekran a kantunan intanet na Turai za ka gan su tsakanin yuro 30 zuwa 50 haka, kuma tunda yuro ɗaya sefa 655 ne da ɗoriya, ba ya motsi, lissafin mai sauƙi ne, yuro 40 wajen jikka 26 ke nan (ga masu karatu daga ƙetaren iyaka, jikka ɗaya sefa 1,000 ce a wajenmu). Kafin ya iso hannunka a ƙara kuɗin ɗauko da duwan da ribar mai kawowa. Kuma tun 2023 da iyakar Benin ta rufe kayan da a da ke shigowa ta Kotonu sai sun zagayo ta Lome da Burkina, kowa ya ga yadda komai ya tashi. Don haka ba zan ce muku ga farashinsa yau a Babbar Kasuwa ba, amma in ka san asalin kuɗin abin a yuro ka ninka da kanka, ba wanda zai kalle ka ya ce maka jikka 90 kan abin yuro 35. Mai ekran mafi araha kuwa ninkin wancan ne sau huɗu ko biyar, iPad da alƙalaminsa kar ma a yi zance, kuɗin babur ne na hannu. Kuma Procreate, manhajar zanen nan da yaran ke ta ambato, a kayan Apple kaɗai yake aiki, ba ka sa shi a Tecno.

Wanda na ƙare da shi mara ekran ne, Huion H640P, kuma ba talla nake musu ba, ba su san da zamana a duniya ba. Filin zanensa inci 6.3 da 3.9, wato wajen santimita 16 da 10, bai fi tafin hannu biyu ba, buton 6 a gefe, alƙalamin ba ya son caji. Wannan na ƙarshen shi ne abin da nake so ku riƙe da kyau. Tsofaffin masu araha alƙalaminsu da pil yake aiki ko sai an yi caji, kana tsakiyar aikin mutane ya mutu. Na yanzu faranti ne ke ba alƙalamin ƙarfi ta maganaɗisu in ya matso kusa, ba batiri a ciki sam, shi ya sa ba nauyi. Kamfanin Wacom na Japan, wanda aka kafa 1983, shi ya yi suna da wannan fasahar kuma shekaru da yawa kusan shi kaɗai ke cin kasuwar, daga baya kamfanonin Sin irin su Huion da XP-Pen da Gaomon da Veikk suka shigo farashi ya sauko har irinmu muka samu shiga. In mai sayarwa ya nuna maka alƙalami mai ramin caji a gindi ko wanda ake murɗewa a sa pil, tsohon yayi ne, ka nemi ragi mai yawa ko ka wuce.

Sai lambobin da ake ruɗa mutane da su a jikin kwali, 2048, 4096, 8192, yanzu har 16384 ana rubutawa. Matakan jin dannawa ne, wato in ka danna da ƙarfi layi ya yi kauri in ka sassauta ya yi siriri. Wanda ya yi makarantar allo ya san abin nan tun kafin a ƙirƙiro ordinatar, alƙalamin kara in malam ya fiƙe maka shi da kyau, yadda ka kwantar da shi da yadda ka danna shi ke ba harafi ciki da wutsiya, haka masu zayyana ke fitar da ƙawa da tawada kawai. To ni dai hannuna na shekara 19 da burushi bai iya bambance 4096 da 8192 ba, na gwada Wacom Intuos ƙarami na wani malamin lise mai 4096 na gwada nawa mai 8192, in ka rufe mini ido ba zan ce ga wannan ga wancan ba. One by Wacom ma 2048 ne kuma mutane na aikin cin abinci da shi. Abin da ya kamata ka gwada in ka samu dama shi ne ka ja layi a hankali da sassauci ƙwarai ka ga ko shina kamawa tun daga taɓawar farko, sannan ka ɗora rula ka ja layi a karkace sannu sannu ka ga ko shina rawa kamar tahiyar maciji. Wannan ya fi lambar kwali faɗin gaskiya.

Girma kuwa ya danganta da ekran ɗinka da kuma hannunka. Ordinatar ɗina inci 14 ne, ƙaramin ya ishe shi. Amma ni mutum ne da ya saba jan layi daga kafaɗa a jikin bango, sai na ji kamar an ɗaure ni a akurki, komai da wuyan hannu. Da zan sake saye da na ƙara ƴan jikkuna na ɗauki matsakaici irin XP-Pen Deco 01 V2 mai inci 10 da 6.25, buton 8, kuma shina jin karkatar alƙalami. Yaron da ya saba zane a kaye na lakwal da bik, ƙaramin ba zai dame shi ba.

Yanzu ga inda na fi so a saurara, don yawancin yaranmu ba su da ordinatar, waya gare su. Da yawa daga cikin allunan nan suna aiki da wayar Android, daga Android 6 zuwa sama, ta ɗan adafta da ake kira OTG, wasu kamfanonin suna sako shi cikin kwali wasu sai ka saya daban, kuma ka duba ramin wayarka USB-C ne ko tsohon micro. Amma ba kowace waya ke karɓa ba. Wata sai ka shiga parametar ka kunna OTG da hannunka, wata za ta karɓa amma ɗan alamar da ke nuna inda bakin alƙalami yake ba zai fito ba, ka yi ta zane kamar makaho na laluben ƙofa. Yawancinsu kuma ba su yi da iPhone. Saboda haka kar ka aika kuɗi kan alkawarin baki. In a Yamai kake ɗauki wayarka ka tahi da ita shagon, a buɗe kwali a jona a gabanka, ka buɗe manhajar zane irin ibisPaint ka ja layi. In a Tawa kake ko Ƙonni ko Madawa, nemi ɗan uwa a can mai waya irin taka sak ya je ya gwada, ya ɗauko maka bidiyo, sannan a sako a kar. Mai shagon da ya ƙi a buɗe a gwada, ka gode mishi ka yi gaba. Kuma a ƙirga kayan ciki a gabansa, faranti, alƙalami, waya, adafta, ƴan bakunan canji da ɗan zoben ƙarfe na cire su.

Manhaja kam kar wanda ya karɓi kuɗinku. Krita kyauta ce halak malak, tana aiki a Windows da Linux da Mac, da ita nake komai na zane. Inkscape kyauta ce, ita ce ta logo da rubutun banderol don aikinta ko an buɗa shi ya kai girman bango ba ya fashewa. GIMP na nan don gyaran hoto. A waya ga ibisPaint da Sketchbook da MediBang. Photoshop biya ake duk wata da kartin banki, wanda kuma ake zuba muku a kile na sata sau da yawa da ƙwayar cuta yake zuwa, na ga ordinatar da ta mutu a haka da aikin mutane a ciki. Ka sauko da pilot ɗin allonka, wato direba, ƴar manhajar da ke sa ordinatar ta gane allon, daga shafin kamfanin da kansa, forfe kaɗan yake ci, kuma in akwai pilot na wani kamfanin allo a ordinatar ɗin ka cire shi tukuna, don biyu ba su zama wuri ɗaya, kishiyoyi ne. Ni kwana uku ina zagin allona ba ya jin dannawa ashe wanda ya sayar mini da ordinatar ya bar wani tsohon pilot a ciki.

Satin farko ba daɗi, gara in faɗa muku. Ni da nake zana fuskar mutum a bango mutane su tsaya kallo, sai ga ni na kasa rubuta sunana, ido na can hannu na nan, in nufi hanci in sauka a kunne. Yarona na rumfa har ya juya baya yana dariya a ɓoye wai kar in gani. Wani abin kuma, duk da'irar da na zana sai ta fito kamar ƙwan zabo, na ɗauka hannuna ne ya lalace, ashe siffar farantin ce ba ta yi daidai da ta ekran ba, akwai wurin da ake dannawa a cikin pilot a daidaita su, ina dannawa ƙwai ya koma da'ira. Abin da ya taimake ni shi ne na ɓoye suri (linzamin ordinatar) a cikin akwati na hana kaina taɓa shi, komai da alƙalami nake, buɗe dosiye, rufe shafi, har karta na buga da shi. Wajen sati biyu hannu ya gane hanya. Ranar da na fara zana wa wani mai shayi logonsa, butar shayi da tururi na tashi, ya ce a canza launin daga ja zuwa kore, na canza a gabansa cikin ƙiftawar ido ba tare da na kankare fenti ba, ya riƙe baki, ni ma a raina na riƙe. Sai dai a kula, launin da ke ekran ba lalle shi zai fito a imprimeri ba, koren nan mai haske ya fito mini kamar ganyen da ya kwana biyu, tun daga nan kafin a buga babba sai na sa an buga ɗan ƙarami na gani, kuma katin aure ina yin shi a 300 dpi (yawan ɗigon hoto a kowane inci) in ba haka ba rubutun ya fito da gashi gashi.

Ƙura ita ce babbar abokiyar gaba a nan, ba zafi ba. Lokacin hunturu in buji ya taso ka share tebur ka juya ka dawo ya sake rufewa, kuma wannan ƙurar in ta kwanta bisa farantin kana ja da alƙalami kamar kana goga shi da sanfefa ne, fuskar allon ta karce, bakin alƙalamin ya cinye ta gefe ɗaya ya yi kaifi ya ƙara karcewa. Ina goge nawa da tsumma mai laushi kafin in fara, in na gama in mayar da shi cikin tsohuwar rigar matashin kai. Don gumi kuma safar hannu ta masu zane mai yatsa biyu ba sai ka saya ba, tsohuwar safar ƙafa na huda na yanke, tana aiki sumul. Wasu na shimfiɗa takarda a kai su manne da sikoci don su ji kamar a kaye suke zane, alƙalamin shina ji ta cikin takardar lahiya lau, amma bakin ya fi saurin cinyewa. Wayar kuma kar a naɗe ta da ƙarfi a jikin allon, ta wuyan nan take karyewa, ka zaɓi allon da wayarsa ke cirewa kuma irin ta kowa ce da za ka samu wajen masu sayar da sharja, ba wadda aka haɗe da jiki ba.

Ƙarshe Malam Edita ina da roƙo ta bakinku zuwa ga alhazanmu ƴan kasuwa masu zuwa Dubai da Guwanzu da masu sauko da kaya daga Kano da Sakkwato ta Ƙonni. Allon kuna kawowa jefi jefi, Allah ya saka, amma ba mai kawo bakin alƙalami, ba mai kawo alƙalamin canji, kuma na wani kamfani ba ya aiki a allon wani, kai ko kamfani ɗaya ne sai samfurin ya dace. Bakin alƙalamin nan abu ne da ɗari ɗinsa ba zai cika aljihun riga ba. Yaro ya tara jikka 30 da guminsa na hutun damina, alƙalami ya faɗi ƙasa ya tsage, shi ke nan allon ya zama faifan rufe kwano. Ni kaina bakunan da suka zo mini a kwali saura biyu, ɗayan ma na soma goga shi da ƴar takardar gyaran farce don ya ƙara mini wata guda. Duk wanda ya kawo ya sa a faɗa a tashar Tawa, a ce a gaya wa mai zanen alluna, za a san ni.

Na gode, a gaida mutanen gidan jarida.

Naku,
Wani mai zanen alluna, Tawa